Babi na Shida: Teku a Ƙasar Duwatsu

A babin da ya gabata mun bi sawun samarin Adar waɗanda ke barin gida da zarar an ɗaure damman gero an zuba a rumbu, su nufi Kurmi bida, waɗansu Abijan, waɗansu Ikko ko Kwatano ko Lome, mun kuma ga abin da suke komowa da shi na sutura da kuɗin aure da na gyaran gida. Amma akwai wata tsaraba wadda ba a ƙulle ta cikin jaka, ita ce labarin teku. Gama da wuya ka zauna majalisar dare a Buza ko Tamaske ko Madawa, a lokacin da matafiya suka dawo gab da faɗuwar damina, ba ka ji wani yana kwatanta wa yara ruwan nan mai gishiri wanda ba a hango ƙetarensa, mai ruri dare da rana ba hutawa, yaran kuwa sun yi tsit suna saurare, don kuwa ƙasarsu ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya, kuma daga Yamai zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000.

Daga cikin abubuwan al'ajabi da akan ba da labarinsu akwai wata halitta wadda Larabawa ke kira dulfin, wadda duk wanda ya gan ta karon farko zai rantse kifi ce, alhali kuwa ba kifi ba ce. Dabba ce mai jini mai ɗumi, tana ɗaukar ciki kimanin shekara guda, ta haifi ɗanta a raye, ta shayar da shi nono a cikin ruwa. Ba ta kuma iya shaƙar ruwa yadda kifi ke yi, tilas ne ta riƙa tasowa bisa tana jan iska ta wata ƙofa da Allah Ya buɗe mata a tsakar ka, saboda haka ne in ta sarƙe cikin ragar masunta ta kasa tasowa sai ta mutu, mutuwar nutsewa, ita da aka haifa a teku. Ko barci ma ba ta yin sa gaba ɗaya, sai rabin ƙwaƙwalwarta ya huta rabi na gadi, domin kada ta manta da numfashi. Inda ruwa ya yi duhu kuwa, sai ta fitar da waɗansu sautuka masu kaifi, su bugi abin da ke gabanta su komo mata, da amsawar nan take sanin girman kifi da nisansa da inda ya dosa.

Malamanmu ba su jahilci wannan dabba ba. Shaihu Damiri na Masar, wanda ya rasu a shekarar 1405, ya ambace ta cikin littafinsa Hayatul Hayawan, inda ya kawo abin da ma'abota teku ke faɗi cewa takan tallafi wanda ya nutse har ya kai gaci. Fakihan Malikiyya kuma sun tattauna hukuncin namanta a babin abinci, waɗansu suka karhanta, waɗansu suka bar ta cikin jimlar abin da teku ya halatta. Abin da ya fi wannan ƙayatar da ni shi ne al'adar masuntan Imragen na gaɓar Muritaniya, a yankin Bankin Argin wanda aka killace tun 1976: an shaida cewa a da, lokacin da garken kifi ke wucewa kusa da gaɓa, mutum kan shiga ruwa ya riƙa bugunsa da sanda, dulfin su jiwo daga nesa su taho, su koro kifin zuwa wajen masu raga, kowa ya sami rabonsa, ba wanda ya horar da wani, ba kuma wanda ya cuci wani.

A zamanin nan sai kallon wannan dabba ya zama sana'a mai zaman kanta. A kudancin tsibirin Zanzibar akwai wani ƙauyen masunta, Kizimkazi, mai tsohon masallaci wanda rubutun da ke jikin alƙiblarsa ya nuna shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Mutanen ƙauyen nan sun kasance suna farautar dulfin, suna sa namansa a ƙugiya don kamun manyan kifaye, har zuwa tsakiyar shekarun 1990, sa'ad da suka lura baƙi na biyan kuɗi mai kauri don a fita da su cikin jirgi da sassafe su gan shi da idonsu kurum; daga nan sai suka ajiye mashi suka kama ɗaukar baƙi. Idan an gama kallo akan kai su inda ruwa ya yi garau, a ba kowa tabarau mai manne wa fuska, da ɗan bututu wanda zai kama da baki kansa na waje bisa ruwa, da takalman roba masu faɗi, sai mutum ya kwanta rubda ciki a kan ruwa yana numfashi ta bututun, yana duban murjani da kifaye masu launi iri iri a ƙarƙashinsa, ba tare da ya nutsa ba. Kakanninmu alhazai da suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda cikin jiragen iska, a bisa irin wannan murjani suka wuce, sai dai su tsoronsa matuƙansu ke yi, don yana fasa jirgi.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba cewa sana'ar tana da nata aibi, domin masu bincike sun lura idan jirage suka yi yawa suna bin garke guda da ƙarar inji, uwaye masu shayarwa ba su samun sukunin hutawa. Kwaɗayi kuwa duk inda ya shiga sai ya ɓata. A gaɓarmu ta Afirka ta Yamma ma akwai wani jinsin dulfin mai ɗan tozo, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai tsakanin gaɓar Sahara da Angola, kuma tun 2017 aka sa shi cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa. Duk da haka, asalin hikimar tana nan daram: dabbar da aka kashe sau ɗaya ake cin amfaninta, wadda aka bari da rai kuwa ana ci kowace safiya. Mu ma a Nijar mun ga haka a Kure, inda raƙuman dawa suka ragu har suka koma kimanin 50 a 1996, amma da aka tsare su, mutanen ƙauyuka suka sami abin sawa a baki ta wajen raka baƙi, sai suka hayayyafa suka kai ɗaruruwa. Mun gani kuma a Ayoru, inda aka saba shiga kwalekwale a je kallon dorina a kogin Kwara, kogin da har yau ayu ke ɓoye cikinsa, shi ma mai shayarwa ne, mai cin ciyawar ruwa, wanda neman kitsensa da sassan jikinsa don magani ya kusa gamawa da shi kafin doka ta hana taɓa shi.

To, sai mai karatu ya ce, ina ruwan Adar da duk wannan, ƙasar fako da tsakuwa, wadda mata ke yin sammako su bi rijiya? Amsa ita ce, Adar ta san teku tun kafin a halicci dulfin. Duk wanda ya taɓa hawa gangaren duwatsun da ke kewaye da kwarin Keita, ko na wajen Buza, in ya kai inda ƙasa ta yi fari fat ƙarƙashin jan dutsen da ya rufe tudu, to ya sunkuya ya duba abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Zai tsinci dutse wanda ya nannaɗe kamar ƙahon rago. Zai tsinci wani ɗan dunƙule wanda ke cika tafin hannun yaro, da zane mai reshe biyar a bayansa, kowane reshe an tsattsaga shi da ƙananan ɗigo a jere, babu wanda ya kauce wa layi. Zai tsinci ɓawon ƙumba biyu manne da juna, sun zama dutse yadda suke, har tsagin bakinsu na nan. Yara makiyaya na jifa da su, ba su san cewa halittun teku ne suka riƙe ba, waɗanda suka rayu, suka ci, suka mutu a daidai wurin, sa'ad da ruwan gishiri ke kwance bisa inda Tamaske da Garhanga da Ibohaman suke a yau.

Wannan kuwa ba sabon zance ba ne da Nasara suka zo da shi. Kusan shekara dubu ke nan da Abu Raihan Albiruni, masanin hisabi da taurari, ya yi nazarin irin waɗannan ɓawo da ake tonowa wajen haƙar rijiya, ya yanke cewa hamadar Larabawa teku ce a da, sa'an nan ta cike. Wato ya ɗauki abin da idonsa ya gani ya mai da shi hujja, wanda shi ne tafakkurin da aka umurce mu da yi cikin halittar ƙasa. Abin da masana na baya suka ƙara shi ne awo da lissafi. Tun wajen 1903 aka kai duwatsun Tamaske birnin Faris, masana suka dube su suka tabbatar da cewa na teku ne. Daga baya bincike ya nuna cewa wani reshe na bahar ya sha kutsowa daga arewa ya ratsa Sahara, ya malale babban kwarin da ya haɗa ƙasar Tawa da ta Sakkwato, ya janye, ya sake dawowa, kuma farin dutsen da muke magana a kansa ya kwanta ne kimanin shekaru miliyan 60 da suka shuɗe. A shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa, wadda ta girme shi, an tono haƙoran kifaye masu cin nama da ƙasusuwan waɗansu manya manyan dabbobin ruwa dangin damo da guza, ɗaya aka raɗa masa suna da Goronyo ta ƙasar Sakkwato inda aka same shi, wani kuma da dutsen Igdaman na arewacin Tawa. Simintin Malbaza da ake gina masallatai da makarantu da shi, da na Kalambaina a Sakkwato, daga wannan farin dutse ake ƙona su. Ashe mutumin da ya shafe ɗakinsa da siminti a Madawa, cikin abin da teku ya bari yake kwana.

Wancan ruwa ya tafi, ba kuwa zai komo a zamaninmu ba. Ruwan da ya rage mana shi ne na sama, wanda ke zuba cikin wata uku ko huɗu, ya gangaro daga tudu da ƙarfi ta koramu, ya taru a kwaruruka: kwarin Keita, da Majiya wadda ke bi ta ƙasar Buza ta nufi Ƙonni har ta ƙetare iyaka ta faɗa tafkin Kalmalo, da kwarin Tarka wanda ya ratsa Madawa, inda ruwa ke kusa ƙwarai a ƙarƙashin ƙasa har ya zama uwar albasar da ake lodawa zuwa Abijan da Akara. Bayan farin 1973 da na 1984, da itatuwan gangare suka ƙare, sai ruwan ya daina tsayawa. Yakan sauko a fusace cikin sa'a guda, ya yanke gona, ya tafi da ƙasa mai kyau, washegari kuma a koma neman na sha. A Majiya tun 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro don karya iska, tare da ƙungiyar CARE. A 1984 kuma aka buɗe babban aikin nan da mutane ke kira Furoje Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da jagorancin hukumar FAO, wanda daga baya ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Aka farfaɗo da fiye da hekta 34,000 na ƙasar da ta mutu, aka dasa itatuwa kimanin miliyan 18, aka gina madatsai manya da ƙanana a bakin koramu. Ya wajaba a rubuta, don kada tarihi ya yi zalunci, cewa galibin waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka, cikin zafin bazara, a aikin gandari, ana biyansu da abinci, mata ne, domin mazansu na can wajen bida. Duk wani ruwa da ke kwance yau a bayan madatsa a ƙasar Keita, da wuyan matan nan aka tsai da shi.

Inda ruwa ya tsaya kuwa, rai ba ya jiran gayyata. Mafi shahara cikin tafkunan wannan yanki shi ne na Tabalak, maƙwabcin Keita ta arewa, a gefen babbar hanyar Tawa zuwa Agadas, wanda a 2005 aka shigar da shi, tare da na Ɗan Dutsi, cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Wanda ya isa bakin irin wannan tafki bayan sallar asuba cikin watannin ɗari, ya roƙi masunci ya ɗauke shi, zai ga abin da ba ya bukatar a ƙara masa gishiri. Masuncin na tsaye a ƙarshen kwalekwale yana dogara doguwar sanda a ƙasan ruwa, ɗansa na gaba yana janyo ragar da aka kafa tun jiya, yana ɓamɓare karfasa ɗaya ɗaya yana jefawa cikin jirgi, in ya zo kan tarwaɗa sai ya kama ta daga bayan kai da dabara saboda ƙayarta. Zalɓe na tsaye cikin ruwa iyakar gwiwa ba ya ko motsi, kirinjijiya na tashi garke garke da fito, tsakaninsu kuma ga ƙananan agwagi baƙi waɗanda suka ƙetaro Bahar Rum da Sahara daga Turai don su yi hunturu a nan. Can a gaɓa raƙuman Buzaye da shanun Fulani sun soma gangarowa shan ruwa, masu lambu na ta da injin ban ruwa, mata masu suyar kifi na hura wuta suna jiran jirgi ya iso. Tafki guda, ga masunci, ga makiyayi, ga manomi, ga tsuntsun da ya zo daga wata nahiya, kowa da haƙƙinsa a ciki.

In kuwa ana neman abin al'ajabi wanda zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da dulfin, to ga gaiwa. Ita kifi ce, amma tana da huhu, tana tasowa ta shaƙi iska. Idan rani ya tsananta tafki ya soma ƙafewa, sai ta nutsa cikin laka ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi wanda ke bushewa ya zama mata riga, ta bar 'yar ƙofa ta numfashi, ta kwanta nan wata da watanni ƙarƙashin ƙasar da ta tsattsage, jakuna na wucewa ta kanta. Mutanenmu na cewa gaiwa jikinta take ci, ba su kuwa yi ƙarya ba, gama da tsokar jikinta take rayuwa har ruwa ya sauko ya jiƙa lakar ta farka. Na tabbata da a wata ƙasa mai nisa wannan halitta take, da mun ji labarinta mun yi ta tasbihi. Amma da yake a fadamar bayan gari take, sai mu tone ta da fartanya mu wuce.

Kallon ƙarƙashin ruwa da tabarau ba namu ba ne, gaskiya ɗaya ce, domin ruwanmu ja ne, mai laka, mutum ba ya ganin tafin hannunsa a ciki. Amma Bahaushe na da nasa wasannin ruwa tun da daɗewa. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yanzu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ana yin kabanci: tseren kwalekwale, da nutso a ga wanda ya fi daɗewa, da kamun agwagwa, da kamun kifi da hannu, masunta kuma na kwanciya bisa babban gora suna iyo da homa a hannu, duka ƙarƙashin idon Sarkin Ruwa. Ban ga abin da zai hana gari mai tafki a Adar ya tsai da rana guda a shekara, bayan kaka, don irin wannan ba, ko malamin makaranta ya kai ɗalibansa gangaren dutse da safe su tsinci ɓawon teku, da yamma su shiga jirgi su ƙidaya tsuntsaye.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma na farkonsu shi ne tsare rai. Ruwan da ke kwance gidan tsargiya ne, wadda ƙwayarta ke girma cikin ƙananan dodon koɗi ta huda fatar mai wanka, har yaro ya riƙa fitsarin jini iyaye na ɗauka alamar balaga ce, alhali ciwo ne mai lalata mafitsara, kuma maganinsa na nan a likita. Ƙasar da ta iya kawar da kurkunu har aka ba ta shaida a 2013 ba za ta kasa wannan ba. Jirgi kuma yana da iyakar abin da yake ɗauka, wanda ya ƙetare ta ya yi ganganci da rayukan bayin Allah, kamar yadda aka gani a Wara ta jihar Kabi a watan Mayu na 2021, inda jirgi guda ya tafi da fiye da mutum 100. Kada a sa yaro cikin kwalekwale ba rigar kariya, ko da tafkin ya yi kama da wanda za a taka a ƙetare.

Sharaɗi na biyu shi ne tafkin kansa ya wanzu, wannan kuwa shi ne abin da ya fi damuna. Kowace damina koramu na zubo yashi da laka cikin madatsai da tafkuna, ciki na cikewa a hankali ba mai gani, sai ranar da aka wayi gari ruwan da ke kaiwa bazara ya ƙafe tun cikin ɗari. Madatsar Ibohaman, wadda aka gina bayan samun mulkin kai, ta daɗe da zama misalin wannan ciwo. Ba a maganinsa a cikin tafki, a kan tudu ake yi, inda ɗigon ruwa ke fara faɗuwa. Saboda haka ina kira ga sarakuna da magadan gari na Keita da Buza da Madawa, da limamai, da samarin da ke dawowa daga bida da ɗan abin hannu, da su hau tudu kafin damina mai zuwa, su duba jerin duwatsun da iyayensu mata suka ɗora, su mai da wanda ya zube, su hana sare itacen gangare, su kuma toshe bakin koramar da ta soma yanka tun tana ƙarama.